Idon Mai Duba Gini Yana Bakin Lebura

Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin kansa, Femi Osibona. Ana cikin tonon gawarwaki sai wata takarda ta ɓulla a jaridu. Kamfanin injiniyoyin da ya tsara ƙarfin ginin, Prowess Engineering, shi ya rubuta ta tun watan Fabrairun 2020, yana sanar da mai ginin cewa ya zare hannunsa, domin yadda ake tafiyar da aikin ya saɓa wa abin da ya yarda da shi. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar a lokacin ya ce hawa 15 aka ba da izinin yi. Tsakanin takardar da ruftawar akwai fiye da wata 20.

A cikin waɗannan watanni ba aljanu ne suka riƙa ɗora hawa kan hawa ba. Kafintoci ne suka buga katako, masu lanƙwasa rodi suka ɗaure, leburori suka kwaɓa suka zuba. Duk wanda ya taɓa yini a wurin gini ya san da wuya a rasa wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba a cikinsu. Tunanin da ya zo mini ke nan lokacin da benen da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya faɗi a Kano a watan Agustan 2022. In irin wannan ta faru, zancen da ake yi a rediyo da majalisun unguwa ba ya wuce siminti da rodi: an rage wannan, an sa maras kyau na wancan. To amma siminti ba ya rage kansa. Wani ne ke ragewa, wani yana tsaye yana kallo, akwai kuma wanda aka ɗauka musamman don ya hana, amma labari bai kai kunnensa ba, ko ya kai ya rasa bakin magana.

Aikin wannan na ƙarshen shi ne sana'ata. Na daɗe ina duba gine-gine a Kano da Kaduna da Abuja, wani lokaci a madadin mai gini kai tsaye, wani lokaci ƙarƙashin kamfanin masu ba da shawara. Ra'ayina shi ne, karatun lissafin ƙarfin gini yana ba mutum izinin shiga wurin aiki ne kawai. Abin da ke sa aiki ya fito daidai abu biyu ne: ma'aikata su saki jiki su kawo maka mummunan labari tun yana ɗanye, ɗan kwangila kuma ya tabbata in ka ce a'a babu kuɗin da zai mayar da ita i. Wanda ya rasa waɗannan, ko da wane irin digiri ya zo, yawon buɗe ido yake yi.

Mafi yawan abin da ke riƙe bene binne shi ake yi. Zane ya ce rodi mai milimita 16 guda shida a cikin fila, zobba kuma kowane santimita 20. Da zarar an rufe katako an zuba kankare, babu mai sake ƙirga su. Zane ya ce kwaɓin ɗaya-biyu-huɗu, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Da rana ta take an gaji, mai shebur ya fara tula kwano har yana zuba, huɗu ta koma biyar ba tare da kowa ya ƙudurta cuta ba. Sai a ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi ya riƙa gudu cikin katako, alhali ruwan da ya wuce ƙima shi ke cinye ƙarfin kankare. 'Yan guntayen simintin da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don ya ɗaga daga katako, waɗanda ma'aikata ke kira biskit, in aka tattake su rodi ya kwanta, bayan 'yan shekaru tsatsa za ta kama shi, rufin ya fara zubar da ɓawo. Samfurin kankaren da ake kaiwa ɗakin gwaji kuwa sai bayan kwana 7 da kwana 28 ake matse shi a ga ƙarfinsa. Kafin sakamako ya dawo, sau da yawa an riga an fara ɗora wani hawan.

Ranar zuba dekin mutum arba'in ko fiye ke aiki lokaci guda, wasu a gindin injin kwaɓi, wasu a kan matakala da kwano a ka, wasu can sama suna baza kankare. Ni ido biyu gare ni. In na tsaya wajen injin ban san abin da ake yi a sama ba, in na hau sama an samu damar tula yashi a ƙasa. Wanda ya ga komai, tun daga buhu nawa aka fasa har zuwa wace fila aka zuba ba a girgiza ba, shi ne yaron nan mai kwano a ka da ba wanda ke tambayar sunansa.

A wani aiki a Kaduna ina alwalar azahar a bayan tankin ruwa, sai wani matashin lebura ya zo ya tsuguna kusa da ni kamar shi ma ruwan yake jira. Bai dube ni ba ya ce, "Oga, ka duba filar nan ta kusa da matakala. Da asuba aka cire mata katako." Na je na ƙwanƙwasa da guduma, sabon shafe ya zubo, ga ramuka har yatsu na shiga, rodi tsirara. Ba a girgiza kankaren ba lokacin zubawa, foman ya ga abin kunya, ya sa aka shafe kafin in iso. Aka fasa filar aka sake. Ban taɓa gaya wa kowa wanda ya tsegunta mini ba. Da na nuna shi, da a ranar zai rasa aikinsa, kuma da babu wanda zai ƙara tsugunawa kusa da ni a wurin nan har a gama.

Irin wannan amana ba ranar buƙata ake neman ta ba. Tana farawa daga abubuwan da injiniyoyi da yawa ke rainawa: ka gaisa da mutane da safe kafin ka dubi katanga, ka san sunayensu, ka tambayi jikin ɗan wanda ya ce ɗansa ba lafiya, ka je gaisuwa in an yi wa birkila rasuwa, ka tsaya kan a kawo ruwan sha da rumfar hutawa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne yadda ka karɓi mummunan labari na farko. Kafinta ya zo da kansa ya ce, "Injiniya, mun yi kuskure a awon bim ɗin can." In ka zage shi a gaban yaransa, ka koya masa darasi ɗaya tak, wato gobe ya ɓoye. Ni tun ranar farko nake faɗa a bainar jama'a cewa kuskure iri biyu ne a wurina. Wanda aka kawo mini, za mu gyara tare, har in yi godiya. Wanda aka shafe aka ɓoye na gano da kaina, a kansa ne za mu saɓa, kuma kuɗin gyaran daga aljihun mai ɓoyewar zai fito. Ana gwada mutum sau ɗaya ko biyu a gani ko da gaske yake. In ya cika alkawari, labarai sai su fara zuwa da kansu.

Matasan injiniyoyi da yawa sun ɗauka tsawa ita ce iko. Mutum ya shigo da farar hular kwano da tabarau, bai yi wa kowa sallama ba, ya fara nuna katanga da makullin mota yana faɗa da Turanci. Ba wanda zai yi masa musu. Za a ce, "An gama, Oga," a jira ƙurar motarsa ta lafa, a ci gaba daga inda aka tsaya. Mutanenmu ba su cika jayayya da na sama fuska da fuska ba, amma sun ƙware wajen barin mai girman kai ya faɗa ramin da suke gani.

Wuri mafi wuya ga matashi shi ne gyara wa dattijo. Ka ɗauki injiniya ɗan shekara ashirin da wani abu, ga birkila sa'an mahaifinsa, da almajiransa biyar suna kallo, ga katanga ta jingina. In ya ce, "Wannan aikin banza ne, a rushe," to ya yi gaskiya, amma ya sayi gaba. Dattijon ba zai iya rusunawa a gaban yaran da ke kiran sa maigida ba, zai kafe cewa ya yi shekara talatin yana gini tun ba a haifi wani ba. Abin da nake yi shi ne in ja shi gefe in ce, "Baba, don Allah zo mu duba wani abu tare. Idona ne, ko katangar nan ta ɗan kwanta?" Sai in miƙa masa ma'aunin ya ɗora da hannunsa. Zai yi shiru, can ya ce, "Yaran nan ne, jiya na tafi jana'iza na bar su." Ko haka ne ko ba haka ba, ba na bin diddigi. Shi da kansa zai juya ya daka musu tsawa su sauke layi huɗu. Na ji abokan aiki suna cewa wannan lallami ne da rauni, wai mai gaskiya ba ya kewaye-kewaye. Amsata ita ce, katangar ta sauka ko ba ta sauka ba? Ma'auni bai canza ba, ko rabin inci ban yafe ba. Abin da na bar masa mutuncinsa ne, wanda dama ba ya cikin abin da aka aiko ni in rushe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma dattijon nan yana da abin da ba ya cikin zane. A cikin birnin Kano filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai. Wanda ya tashi a unguwar ya san inda ruwa ke kwanciya da, ya san inda aka taɓa haƙa rijiya aka binne. Maginin da ya yi aiki a yankunan Gombe da Numan da Borno ya san halin baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsage da rani. In ka mutunta shi zai ce maka, "Injiniya, nan fa a ƙara zurfi." In ka raina shi zai haƙa daidai abin da takarda ta ce, ya zuba maka ido.

Wuri ɗaya ne ba na lallami, wato inda rai ke cikin haɗari a take. Mutum a cikin rami mai zurfi gefensa yana zubowa ba a tokare ba, ko wani ya ɗaga dogon rodi kusa da babbar wayar lantarki, ko an hau gorar da aka ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya a hawa na uku. Nan ihu nake yi, ko wa ke wurin, a ba da haƙuri daga baya. Kuma saboda ba kullum ake jin muryata a sama ba, ranar da aka ji kowa tsayawa yake yi cak. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF, amma leburan da ake ɗauka da safe a bakin titi a sallama da yamma, da wuya ka ga sunansa a wata takarda. In ya faɗo, kuɗin kemis ake ba shi a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta hana a ɗaure gora da kyau. Wanda kuma ya zo duba aiki da silifa da babbar riga ba shi da bakin cewa wani ya sa hular kwano a zafin watan Afrilu.

Kishiyar mai tsawa shi ne wanda ya zama ɗan gida, kuma a ganina ya fi shi haɗari. Ɗan kwangila mai wayo ba ya fara maka da ambulan. Da abincin rana yake farawa, sai kuɗin mai, sai katin waya, sai "ga wannan a saya wa yara alawa", sai rago ya iso gida ana jibi Sallah. Ranar da ka ga an sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, bakinka zai yi nauyi, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da masu karɓa ba su lura da shi ba shi ne, direban da ya kai ragon a wurin ginin yake cin abinci. Kafin gari ya waye kowa ya san kai na wane ne, kuma babu leburan da zai sake kai maka ƙarar foman alhali ya san maigidan foman ne ke ciyar da kai. Na san mayar da kyauta abu ne mai nauyi a al'adarmu. Shi ya sa nake faɗa tun zaman farko, kafin a ba ni ko goro: "Alhaji, ƙa'idata ce ga kowa, ba kai kaɗai ba. Har a miƙa makulli ba na karɓar komai daga hannun ɗan kwangila." In aka faɗa a ranar farko, ƙa'ida ce. In aka bari sai rago ya iso ƙofar gida sannan aka mayar, ya zama cin fuska.

Kada a ɗauka ina cewa ɗan kwangila abokin gaba ne. Akwai macuta a cikinsu, amma mafi yawan ha'incin da na gani matsi ne ya haife shi. Mutumin da ya sa hannu a kwangila a farkon 2023, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, naira ta faɗi, a watan Fabrairun 2024 buhun simintin da ya lissafa a kan kusan naira 5,000 ya haura 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu masana'antun aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Hanya uku ce a gabansa: ya gudu ya bar aikin, ya nemi a sake duba farashi, ko ya cire asararsa daga cikin kankare inda ba mai gani. Aikin mai duba gini ne ya zauna da shi, su yi lissafi na gaskiya buhu-buhu, ya ɗauka ya kai wa mai gini ya ce ga halin da ake ciki. Ɗan kwangilar da ya ga ka tsaya masa a kan haƙƙinsa zai fi jure tsayuwarka a kan haƙƙin ginin. Haka batun takardar biya. Dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati ta 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardu jinkiri ne da ke jawo ƙarin kuɗi a kan hukumar, amma kowa ya san yadda fayil ke kwana a ofisoshi. Injiniyan da ya danne takardar awon aiki a aljihun teburinsa don a san shi ma wani ne, ko don a zo a gan shi, ba shi da hujjar kuka in aiki ya lalace.

Kuɗin nan kuma gangarowa yake yi daga mai gini zuwa babban ɗan kwangila, zuwa ƙarami, zuwa foman, kafin ya isa hannun mai kwano, kowane mataki kuwa yana iya maƙalewa. Duk mun san abin da addini ya ce kan gumin ɗan ƙwadago, amma a wurin gini ne aka fi mantawa da shi. Ni nakan tambayi leburori kai tsaye ranar Asabar ko an sallame su. Wasu na ganin shisshigi ne. To, ma'aikatan da suka yi mako biyu ba a biya su ba su ne buhun siminti ke ɓacewa a hannunsu, su ne guntayen rodi ke bi ta bayan katanga zuwa wurin 'yan jari-bola. Sai kuma jinga. In aka yi da birkila cewa kuɗinsa a kan kowane bulo ne da ya ɗora, an riga an gaya masa sauri ake so, kada a yi mamaki in ya daina ɗaukar ma'auni. Jinga ba laifi ba ce, amma a faɗa tun farko cewa bulon da aka auna aka karɓa shi ake biya, wanda aka sauke kuwa ba ya cikin ƙirga.

Wanda ya fi kowa wuyar sha'ani dai shi ne mai ginin. Yakan zo bayan la'asar da abokai biyu. Ɗaya ya dubi rodi ya ce, "Kai, gada kuke ginawa ne? Ni nawa rabin wannan aka sa." Ɗayan ya dubi sama ya ce, "Wuri mai kyau haka, ai sai ka ƙara hawa ɗaya." Washegari a kira ka a ce an canza shawara. Masaukin baƙi na cocin Synagogue da ya rufta a Legas ranar 12 ga Satumban 2014, ya kashe mutum 116, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu, ana cikin ƙara masa hawa ne, kuma binciken da aka yi ya nuna ba a samu izinin ginin ba. Ba na yi wa Alhaji gardama a gaban abokansa, domin a nan ba ni yake saurare ba, girmansa yake karewa. Gida nake bin sa da zane a hannu. In nuna masa cewa fandishon da ke ƙasa na hawa biyu ne, in gaya masa abin da za a kashe in ana son na uku: gwajin ƙasa, sabon lissafi, ƙarfafa filoli, da komawa hukumar tsara birni, KNUPDA ce a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a sake neman izini. Mai kuɗi ya fi jin magana in aka zo masa da farashi da mafita fiye da in aka zo masa da "ba zai yiwu ba" kawai.

In ya kafe, sai rubutu. Kowane wurin aiki ya kamata a samu littafi guda da ake rubuta umarni da kwanan wata, a sa hannu, kuma ba a zuba kankare ko'ina sai an duba rodi an ɗauki hoto an tura a zauren WhatsApp na aikin. Mutanenmu suna ɗaukar rubutu a matsayin rashin yarda. An sha ce mini, "Haba Injiniya, ba ka yarda da ni ba ne?" Nakan ce, "Na yarda da kai, Alhaji, mantuwa nake tsoro da mutuwa." Ko bashi ma an umarce mu da rubutawa. In rubutun ma bai tsayar da shi ba, babu abin da ya rage sai ajiye aikin. Amma wanda zai tafi kada ya sulale shiru. Takardar da ta tsaya tsakaninka da mai gini sunanka kawai take wankewa. Hukumar da ta ba da izini ita ma a ba ta kwafi, foman kuma ya ji dalilin tafiyarka, tunda shi da yaransa ne za su ci gaba da tsayuwa a ƙarƙashin dekin.

Wani abin da ke rikita aiki shi ne yawan bakuna. Mai gini ya ce wa kafinta a matsar da taga, uwargida ta aiko a faɗaɗa kicin, injiniya ya ba yaran birkila umarni foman bai sani ba. In abu ya lalace kowa ya nuna wani. In ba maganar haɗari ba, umarnina ta hannun foman yake bi, ina kuma roƙon mai gini nasa ya biyo ta hannuna.

Da can magina suna da nasu tsarin. Akwai Sarkin Magina a birane irin su Kano da Zariya, sana'ar gado ce, aikin mutum kuma da sunan gidansu yake tafiya. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19. Ba ina cewa zamanin da ya fi na yanzu ba ne, ginin ƙasa da azara daban, bene mai hawa goma daban. Amma a lokacin akwai wanda kowane magini ke jin kunyarsa. Yau wurin gini taron baƙi ne: mai tayil daga Togo ko Benin, mai lanƙwasa rodi daga kudu, leburori 'yan cin rani daga Jigawa da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ba su da sarki ɗaya, wasu ma ba su da harshe ɗaya. Da yawa ba sa karanta zane, kuma ba za su faɗa ba. Shi ya sa nake zana abu da gawayi a jikin bulo, ko in sa a ɗaure fila guda a gabana ta zama abin koyi, sannan in ce wa mutum ya maimaita mini abin da zai yi da bakinsa.

Sanin mutane ya haɗa da sanin kalandarsu. Wanda ya tsara zuba dekin a makon da ruwan shuka ya sauka zai wayi gari rabin leburorinsa sun tafi gona, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya fara babban zubi da hantsin Juma'a zai ga an ajiye kwanuka an tafi masallaci, kankaren ya daskare rabi, a dawo a ɗora sabo kan tsoho a bar rauni a tsakani. Da azumi, musamman in ya faɗo a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, gara a zuba bayan asuba ko da dare bayan an sha ruwa. Mutane sun fi ƙarfi, kankaren ma ya fi so. Kafinta kuma yana da wani aikin a wata unguwa, yana son gorarsa da katakonsa, zai so ya zare tokaren dekin tun bai yi ƙwari ba. In ba a yi yarjejeniya da shi tun farko cewa sai bayan mako uku ba, da dare zai zo ya kwashe. Sai yaron ban-ruwa, wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi a wurin. Kankare yana buƙatar danshi aƙalla kwana 7 kafin ya kama ƙarfinsa, a iskar hunturu ko zafin bazara kuwa cikin sa'o'i yake bushewa ya tsattsage. In yaron nan ya yi fushi ya watsa bokiti biyu ya tafi, ya rage ƙarfin da injiniya ya kwana yana lissafawa. Ina tabbatar da an biya shi a kan lokaci, kuma ya san na san aikinsa.

Hukumomi da takardu ba su ne muka rasa ba. COREN mai rajistar injiniyoyi tana nan tun 1970, CORBON ta ƙwararrun magina tun 1989, kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Ɗalibi yana shekara biyar a ABU ko BUK, ya yi wata shida na koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, ya fito ya iya lissafin bim amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake ce wa sa'an babansa a sauke katanga, ko yadda ake ce wa mai kuɗi a'a a cikin falonsa. Wannan ba a allo ake koyon sa ba. Manyanmu su riƙa tafiya da yaran wurin irin waɗannan zama su ji da kunnensu, ɗaliban koyon aiki kuma a daina ajiye su a ofis suna kwafar zane, a haɗa su da foman su yini a rana.

Masu gini kuma akwai al'ada ɗaya da nake roƙon su bari, wato ce wa ɗan kwangila, "Ka zo da injiniyanka," don a rage kashe kuɗi. Wanda ɗan kwangila ke biya ba zai iya tsayar da ɗan kwangila ba, ko da waliyyi ne, kuma leburori sun san haka tun kafin ya sauko daga mota. Mai gini ya ɗauki nasa mai dubawa, ya biya shi daga aljihunsa, ya rubuta masa ikon tsayar da aiki, ya kuma tara ma'aikata a ranar farko ya faɗa a gabansu. Ni dai in aka kira ni aiki, tambayata ta farko ita ce daga hannun wa kuɗina zai riƙa fitowa. In aka ce ɗan kwangila ne zai riƙa ba ni, sai in yi godiya in ce a nemi wani.